Sifana da Karen Ƙaninsa

Duk wanda ya taɓa kai kekensa gyara a layin nan ya san Sifana, ya kuma san ba a zuwa wurinsa don hira. Ka jingine kekenka, ka faɗi abin da ke damunsa a taƙaice, ka ja bakinka ka yi shiru. In ka kuskura ka ƙara da cewa kana jin kamar birkin ne, sai ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "To tunda ka sani, ga kayan aiki nan." Sunan ma daga hannunsa aka samo shi. Notin da ya ɗaure sai dai a dawo masa da shi ya kwance da kansa, kuma yadda yake ɗaure noti haka yake ɗaure magana.

Tun yana ɗan saurayi ya koyi gyaran keke a ƙofar gidan ubansu, ƙarƙashin wata bishiya da ta girme shi. A nan ya ci ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Allah ya haɗa shi da mace mai sanyin hali wadda kowa ke kira Inna, har shi mijin ya bi sahun yara yana kiranta haka. 'Ya'ya suka tashi suka watse, babbar ta zama nas a wani gari mai nisa. Mutanen layi kan ce ba don Inna ba da tuni Sifana ya cinye kansa da kansa, kuma ba su yi ƙarya ba. Ita kaɗai ce ke ce masa ya isa haka ya yi shiru, ko da zai fita waje ya huce a kan wata tayar da ba ta yi masa laifin komai ba.

Yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ake kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi. Mutum ne mai rigar guga da takalmi mai ƙyalli, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar kyauta ya yi maka. Da ubansu ya rasu aka ja katanga a tsakiyar gidan, kowa ya kama ɓangarensa. Abin da ya gagari masu rabo shi ne wani siririn lungu a baya inda kwatar gidan ke bi, don ruwa bai san da zancen gado ba. Aka bar lungun na kowa, kowane ɓangare da ƙofarsa da ke buɗewa ciki. Ita kuwa bishiya, da tazarar da ba ta fi tafin hannu ba, sai ta faɗa rabon Akawu. Wata rana Sifana ya tafi sayen kayan gyara, ya dawo ya tarar da kututture. Wai saiwarta na fasa wa Akawu tushen gini. Sifana bai tambaya ba, ba a kuma yi masa bayani ba. Ya samo tsohon kwanon rufi ya kafa rumfa, daga ranar bai sake ce wa ƙaninsa ko ci kanka ba.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Dangi sun yi sulhu har sun gaji, sun ce musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, duk a banza. Sai dai kada a ce ba sa magana, suna yi, da kaya suke yi. Sifana zai dubi wani tsohon keke ya ɗaga murya ya ce, "Kai ma ga fenti a waje, ciki duk tsatsa." Akawu kuma ya tsaya yana goge motarsa ya ce mata, "Yi haƙuri, haka unguwar take, wasu baƙin mai ne gadonsu." Abin kunya ne ga dattawa biyu, amma su ko a jikinsu.

Ana cikin haka ciwo ya kayar da Inna. Hawan jini ne ya bugo ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti barcin dare ya ƙaurace mata, sai gari ya waye take samun runtsawa. Likita ya ce hutu take bukata fiye da magani. 'Yarsu Nas ta zo ta yi jinyar uwarta na ɗan lokaci, da za ta koma ta tsaya a bakin rumfa ta ce wa ubanta, "Baba, in har na dawo na tarar ba ta samun barci, da ita zan tafi. Ba shawara nake nema ba." Maganar ta zauna wa Sifana a ƙirji. Tunda aka kawo masa Inna ba su taɓa raba rufi ba, kuma bai san yadda ake zama a gidan da ba ta ciki ba. Shi da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba ya koyi yi mata wanka, ya koyi juya ta, ya daina buga guduma kafin azahar.

A daidai wannan lokacin ne Akawu ya ga ya dace ya yi kare.

Wani dogon kare ne ja mai ƙafafu kamar na ɗan maraƙi, bai gama girma ba, jikinsa har rawa yake don ƙarfi. Akawu ya sa masa suna Janar, ya ɗaure shi da sarƙa a lungun baya, daidai ƙarƙashin tagar Inna. Wai ɓarayi sun yi yawa. Da sassafe shi da matarsa su kulle ɓangarensu, shi ya nufi ofis ita ta nufi shagonta, ba mai dawowa sai magariba. Karen kuwa da jin tashin mota sai ya buɗe baki. Ya yi haushi, ya yi kuka, ya ja sarƙa tana karta a siminti, ya kifar da kwanon ruwansa ya yi ta tura shi da hanci daga wannan bango zuwa wancan. Inna na kwance idonta biyu, jijiyar goshinta na harbawa. Ko da gangan Akawu ya zaɓi wurin ko rashin tunani ne, Allah kaɗai ya sani. Sifana dai ya riga ya yanke hukunci.

Ya watsa wa karen ruwa, karen ya ɗauka wasa ne. Ya jefe shi da dutse, ya ƙara murya. Har maganin ɓera ya sayo ya ɓoye a akwatin kayan aiki, sai dai Inna ta karanta fuskarsa. Da bakinta da ya karkace ta ce, "Malam, kada ka ɗauki alhakin dabba saboda ni. Shi ma ɗaure shi aka yi." Ya je ya zubar da maganin yana ƙunƙuni.

Wata safiya abin ya kai shi bango. Ya zari tsohuwar robar cikin taya ya buɗe ƙofar lungu da niyyar ya zane karen har sai hannunsa ya gaji. Bugu ɗaya ya samu ya yi, a na biyu karen ya cafke robar. Sifana ya ja, kare ya ja. Roba ta miƙe, dattijo ya turje ƙafa a bakin kwata yana zagi, kare ya noƙe kai yana gurnani wutsiya na kaɗawa. Babu wanda ya yarda ya saki, don an gamu da masu hali iri ɗaya. Sai da gumi ya jiƙa wa Sifana riga, hannuwansa suka mutu, sannan ya saki ya zauna a dokin ƙofa yana haki. Karen ma ya zube, harshe a waje, ya ɗora haɓa a kan robar. Can sai Sifana ya lura da wani abu da ya daɗe bai ji ba a gidan: shiru. Ya leƙa ɗaki ya ga Inna ta yi barci baki buɗe.

"Ashe haka ne," ya ce wa karen ƙasa-ƙasa. "Zaman banza ne ke cin ka, ɗan banza. Gadon maigidanka ka yi."

Sifana na da wata al'ada da bai taɓa karyawa ba. Duk keken da ya gyara sai ya hau shi ya zaga da shi kafin ya miƙa wa mai shi, don bai yarda da gyaran da gindinsa bai shaida ba. Washegari, da motar Akawu ta ɓace a kwana, ya sa tsohuwar safar hannu don kada yawun karen ya taɓa shi, ya kwance sarƙar daga ƙarfen da aka maƙala ta, ya ɗaura igiya a kariya, wurin ɗora kaya na bayan keken da ya gama yi wa faci. Fitar farko saura kaɗan ta zama ta ƙarshe. Karen ya hango kyanwa, ya fizge keke da mahayinsa suka yi cikin kwata. Sifana ya tashi gwiwa a goge, ya yi wa karen zagin da ya haɗa har da kakanninsa, ya gyara ɗaurin igiyar ta zama gajera, ya sake hawa. Sannu a hankali karen ya koyi gudu daidai da tayar baya. Ya gane ƙarar birki na nufin tsayawa, ƙararrawa na nufin kwana. Sukan bi bayan makarantar firamare, su wuce wurin masu walda, su kai filin da ake zubar da tsofaffin motoci, su dawo. Sifana bai taɓa kiransa Janar ba. Fitina ya raɗa masa, kuma karen ya fi amsa wannan.

Amma an gudu ba a tsira ba. Bayan 'yan makonni gudun ya daina gajiyar da Fitina, sai ma ƙarfi da ya ƙara masa. Ƙirjinsa ya buɗe, cinyoyinsa suka murɗe. A dawo daga zagaye Sifana na neman inda zai zube, kare ya ɗan kwanta ya miƙe yana neman ƙari. Sifana ya zauna a rumfa yana hararsa ya ce, "Wato ni nake horar da kai don ka fi ƙarfina." Ya yi ta juya abin a ransa har ya tuna cewa shi kansa ba ɗaga ƙarfe ke kwantar da shi ba. Ranar da ya wuni yana neman inda wata 'yar ƙara ke fitowa a keke, ranar yake barci kamar gawa. Kai ne ke gajiya, ba ƙafa kaɗai ba.

Sai ya shiga ƙirƙiro wa karen wahala. Ya kitsa robobin taya ya cusa ɓawon burodi a tsakanin kitson, Fitina ya wuni yana kwancewa da haƙori. Ya jera gwangwanayen giris uku da ya wanke, ya ɓoye ɗan ƙashi a ƙarƙashin ɗaya, in karen ya kifar da wanda ba shi ba sai a sake daga farko. Ya tara tsofaffin tayoyi a lungu ya watsa abinci a cikinsu, ya bar hanci ya yi aikinsa. Daga baya har ya koya masa ɗauko famfon iska, da zama ba motsi in ana ɗaure sarƙar keke. Duk wannan ba da shafa kai ko daɗin baki ba. "Zauna, mara kunya." "Ba wannan ba, daƙiƙi, wancan." In karen ya yi daidai, ladansa guntun burodi da tsaki. Kafin la'asar Sifana zai mayar da shi lungu, ya maƙala sarƙar yadda ya same ta, ya kwashe tayoyinsa, ya je ya wanke hannu har gwiwar hannu. Fitina kuwa ya miƙe ƙafa sai barci.

Inna ta fara murmurewa. Fuskarta ta ciko, har ta fara kama bango tana takawa zuwa tsakar gida. Sifana ya ji daɗi ƙwarai, ko da yake da za a yanka shi ba zai faɗa ba. Layin duka ya san abin da ake ciki, don ba a ɓoye dattijo a kan keke da jan kare a gefe. Amma ba wanda ya kai wa Akawu labari. Shi ba ya zama da mutane balle ya ji, su kuma ba mai son shiga tsakanin wuta da auduga. Wasu ma jira suke su ga yadda za ta kaya.

Akawu ya fara lura karensa ya canja. Da, in ya dawo, Janar kan yi tsalle har sarƙa ta shaƙe shi. Yanzu sai ya ɗaga kai, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya koma barcinsa. Akawu ya canja masa abinci, ya kira mai duba dabbobi, aka ce lafiyarsa ƙalau, har ta fi ta da. Bai gamsu ba. Wata yamma ya tsaya a lungu ya ɗaga murya yadda za ta haura katanga, yana yi wa karen magana.

"Janar, an lalata mini kai. Na san akwai masu baƙin ciki da ke ba ka wani abu in ba na nan. Ba komai. Karen da ba ya haushi tunkiya ce, ni kuwa ba kiwon tumaki nake ba. Ƙarshen makon nan zan kai ka gona, in kawo waɗanda ba a iya sayen bakinsu."

Sifana na zaune a bakin gadon Inna yana shafa mata man zafi a ƙafa, duk suka ji. Ta kama hannun rigarsa da hannunta mai lafiya.

"Malam, ka je ka gaya masa."

"In gaya wa wa?"

"Ƙaninka. Ka ce kai ne ke fita da shi, gajiya ce ba ciwo ba. Magana ɗaya ce."

"Ni in taka ƙofarsa? In ce masa ga ni, na zama yaron karensa?"

"Tunda na zo gidan nan ban taɓa roƙonka ka sauke kai ga kowa ba. Yau na roƙe ka. Ba na son barin ɗakina."

Ya tashi ya fita, kuma Allah shaida ne ya yi niyya. Ya zagaya ta waje har ya kai ƙofar Akawu, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Sai idonsa ya faɗa kan sabon fentin ƙofar da 'yar ƙararrawar lantarki da aka maƙala a gefe, ya hango yadda Akawu zai buɗe ya tsaya yana kallonsa daga sama har ƙasa, yana jira a fara gaishe shi. Hannun ya sauko da kansa. Ya koma rumfarsa, ya jawo wani keke da ba abin da ke damunsa, ya ɗaga murya ya ce masa, "Wasu dai da karatunsu ba su san bambancin gajiyayye da majinyaci ba. Mu da muka san abin da muka yi wa dabba, mun sani."

A ganinsa ya isar da saƙo. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana. Daga bayan katanga Akawu ya yi wata 'yar dariya ya ce wa matarsa, "Kin ji ko? Ya amsa da bakinsa."

Ranar da aka ɗiba, Akawu ya fito da karen ta ƙofar gaba. Fitina ya hango keke a jingine a rumfa, ya ja igiya ya je ya tsaya daidai tayar baya yana jiran a hau. Akawu ya fizge shi, ya tura shi bayan mota ya rufe. Sifana na durƙushe yana duba faci a cikin bahon ruwa, bai ɗago ba har motar ta sha kwana. Robar da ke hannunsa ta daɗe a cikin ruwa bai ga ko kumfa ɗaya ba, don ba ita yake kallo ba.

Da yamma motar ta dawo da karnuka biyu baƙaƙe, tare da mai walda. Aka ƙera musu keji na ƙarfe a lungun, aka sa kwaɗo, Akawu ya jefa makullin a aljihu yana fito. Waɗannan ba sa jiran tashin mota. In ɗaya ya gaji ɗaya ya karɓa. Sifana ya tura musu kitson roba ta tsakanin ƙarafa, suka yi faɗa a kai har jini, haushin ya ninka. Ya mayar da gadon Inna ɗakin gaba, ya toshe taga da tsummoki da katifa, amma gidan da aka raba biyu ina ya ga faɗin da zai ɓoye mutum daga ƙara. Idanunta suka sake zurmawa. Takawar da ta fara ta tsaya. Ba ta ƙara yi masa zancen ba, ba ta kuma yi masa gori ba, shi kuwa da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Nas ta zo ba sanarwa. Ta shiga ɗaki, ta auna jinin uwarta, ta tsaya tana sauraron abin da ke fitowa daga lungu. Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado ta fara ninke zannuwa.

"Ki bari mu gani zuwa wani makon," in ji Sifana daga bakin ƙofa.

"Baba, na faɗa maka tun farko."

Shi da kansa ya ɗauki Inna ya kai ta motar da Nas ta zo da ita, ya ji ba ta da nauyin komai. Ya gyara mata matashi a bayan wuya, ya lanƙwasa mata ƙafar da ba ta motsi, ya rufe ƙofa a hankali. Maƙwabta sun fito suna yi mata fatan sauƙi. Akawu ma ya fito ya tsaya a ƙofarsa, hannu a aljihu, yana kallon wani wuri daban. Karnukan sun ji taron mutane, sun haukace gaba ɗaya.

Direba ya tayar da mota. Sifana ya sunkuya a tagar da Inna take, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce da muryar da ko shi da kyar ya ji ta, "Ki sauko. Yanzu zan je in same shi, in roƙe shi."

Inna ta juyo da kyar, ta matso da kunnenta mai ji. "Me ka ce, Malam? Ban ji ba, karnukan nan."

Ya buɗe baki zai maimaita da ƙarfi. Ya ɗaga ido, sai ya ga Akawu ya juyo yana kallonsa, maƙwabta ma duk suna jira.

"Na ce Allah ya kiyaye hanya."

"Amin," in ji Inna. Ta ɗan ƙara jira tana dubansa, sannan ta mayar da kanta kan matashi, Nas ta ce wa direba su tafi.